Wata takwas ina amfani da Signal: lambata ta ɓuya, ni ce dai ban ɓuya ba

Abin da ya kai ni ga Signal ba wani zurfin tunani ba ne, kiran ƙarfe ɗayan dare ne. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai, ina saro su a Kantin Kwari ina tallatawa ta waya, to kin san harkar dole lambarki ta shiga guruf-guruf, na 'yan sari, na adashe, na 'yan ajinmu na sakandare, na iyayen yara na islamiyya, da irin guruf ɗin nan da ake buɗewa don ankon biki, amarya ta tare ta haihu har an yaye yaron amma guruf ɗin yana nan ba wanda ya tuna ya rufe. Kuma a WhatsApp duk wanda kuke guruf ɗaya da shi yana ganin lambarki ƙuru-ƙuru ko kin san shi ko ba ki san shi ba. To rannan waya ta ɗau ƙara tsakar dare, na zabura gabana na faɗuwa na zaci wani abu ne ya samu Umma, ina ɗauka sai na ji muryar wani ƙato wai "Salamu alaikum Hajiya, na ga lambarki ne a guruf na ce bari mu gaisa." Mu gaisa fa. Ƙarfe ɗaya na dare. Maigida ya buɗe ido yana kallona bai ce komai ba, ni kuma wallahi da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi a kan wannan kallon.

Da safe ina ba ƙanena labari, shi ne mai karatun kwamfuta a gidanmu, duk wata matsalar waya shi muke ɗora wa, sai ya ce "Yaya ki sauke Signal mana, can za ki iya magana da mutum bai taɓa ganin lambarki ba." Na ce wani WhatsApp ɗin kuma, wayar da kullum take min kukan ta cika? Ya ce ki dai gwada. To na gwada, yau wata takwas, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, musamman ga 'yan uwana mata masu sana'a ta waya, maza ma in kun karanta ba laifi.

Kyauta ne, babu talla ko ɗaya a ciki, kuma kamanninsa ba su da nisa da abin da muka saba, shuɗi ne dai maimakon kore, akwai saƙon murya akwai kiran bidiyo akwai guruf har da sitatus ɗinsu. Wanda ya iya WhatsApp ba ya buƙatar a koya masa komai. Amma abin farko da ya ba ni haushi tun ban shiga ba, ina buɗewa sai ya ce in sa lambar waya zai turo min kod. Na juya na kalli yaron nan na ce kai, ka ce min za a ɓoye lamba, ga shi tambayar farko lamba. Ya yi dariya ya ce Yaya su za su sani, mutane ne ba za su gani ba. Wannan bambancin ku riƙe shi da kyau don shi ne gaba ɗaya labarin. A Najeriya tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, layinki kuwa yana ɗauke da sunanki da hotonki da zanen yatsunki, to duk manhajar da aka buɗe da layi ba a ce mata wurin ɓatar da kama gaba ɗaya ba. Wanda yake neman inda zai yi rubutu ba wanda zai taɓa gano ko shi waye har abada, Signal ba don shi aka yi ba, su ma masu shi ba su ce haka ba.

Abin da suka yi alƙawari shi ne ba sa ajiye komai a kanki, kuma wannan kam an gwada su. A 2016 wata kotu a jihar Virginia ta Amurka ta umarce su su miƙa bayanan wasu lambobi guda biyu, ɗaya daga ciki ma ba ta da rajista da su, ɗayar kuma abin da suka iya bayarwa abu biyu ne kacal, lokacin da aka buɗe akawun ɗin da kuma ranar ƙarshe da ya hau. Babu sunayen waɗanda yake magana da su, babu guruf, babu saƙo. Ba wai sun yi taurin kai sun hana ba ne, ba su da shi ne. Ni wannan ya fi kwantar min da hankali a kan a yi ta rantse-rantse, don mai riƙon amana wata rana ana iya matsa masa ya saki, amma wanda ba a ba shi ajiya ba me zai fito da shi.

Sai maganar laƙabi, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ni. A farkon 2024 suka fito da shi. Za ki zaɓi wani suna ki haɗa da aƙalla lamba biyu a ƙarshensa, shi za ki riƙa ba mutane maimakon lambar waya, ko ki tura musu link ko su ɗauki hoton ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo. Abin da ya burge ni shi ne laƙabin nan ba ya fitowa a jikin furofayil ɗinki, mutum yana shigowa sunan da kika rubuta da hotonki kawai zai gani, kuma ranar da kika ga laƙabin ya yaɗu ya shiga hannun 'yan iska sai ki canza shi, tsofaffin abokan hirarki suna nan ba abin da ya taɓa su, sabbin masu nema da tsohon suna kuma su yi ta lalube. Ki kwatanta da canza layi, ki je ofis ki bi layi a ɗau hotonki, ki bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya kina cewa ga sabuwar lambata, rabinsu su ɓace.

Amma akwai saiti biyu a ɓangaren sirri ƙarƙashin lambar waya, mutane da yawa ɗaya suke taɓawa su bar ɗaya. Na farko shi ne wa zai ga lambata, na biyu shi ne wa zai iya nemo ni da lambata. In kika rufe na farko kawai, wanda yake da lambarki a wayarsa tun da can yana shiga zai gan ki. Sai kin rufe na biyun ma sannan ko tsohon saurayinki na sakandare ya sauke Signal ba zai san kina ciki ba. Ni sai da na yi kusan sati uku kafin na gane, wani ɗan sari da na daina hulɗa da shi saboda ha'inci kawai na ga ya turo min "Hajiya ashe kina nan." A nan ma dai na yaba musu, don saƙon baƙo yana zuwa ne a matsayin neman izini, ba ya ganin ko kin karanta, sai kin amsa, in ba ki so ki danna bulok shi ke nan.

Yanzu bari in ba ku labarin wautata, don kar wata ta maimaita. Wata baiwar Allah ta ga kayana a Instagram, na ba ta laƙabina muka koma Signal, muka yi ciniki lafiya lau na leshi yadi biyar da mayafi, ina ta jin daɗi a raina yau ga kwastoma ta farko da ba ta san lambata ba. Ta ce turo akawun. Na tura. Irin asusun nan ne na waya da kowa ke amfani da shi yanzu, wanda lambar asusun ita ce lambar wayarki an cire sifilin farko. Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara, kira na sosai ba na Signal ba, na ɗauka sai na ji "Hajiya ni ce mai leshi, na tura kin ga alat?" Na zauna na riƙe baki. Duk wannan ɓoye-ɓoyen da saite-saiten, da hannuna na miƙa mata lambar a faranti, ga cikakken sunana har da na mahaifina ya fito mata a wurin tura kuɗi. An gudu ba a tsira ba. Ita dai mutuniyar kirki ce har yau muna ciniki, amma da wani ne fa? Washegari na koma amfani da asusun banki wanda lambarsa ba ta da alaƙa da layina, sunan dai dole ya fito, wannan babu manhajar da za ta yi min maganinsa, mai sana'a ba ta ɓuya gaba ɗaya tunda sai an biya ta, sai ɗan aike ya san ƙofar gida ko aƙalla bakin layi.

Saƙo mai gogewa da kansa shi ne abu na biyu da na fi amfani da shi. Kina iya sa wa hira lokaci, daga 'yan daƙiƙoƙi har sati huɗu, in lokacin ya cika saƙon ya ɓace a wayarki da wayar ɗayan. Ni da aminiyata sati ɗaya muka sa, tana cikin wata rigima da dangin miji, irin maganganun da take min in dare ya yi ba abin da za a bari a waya ba ne yara na ɗauka suna gem, ƙannen miji na arowa su kira. Ta ce min tun da muka koma can take iya barin wayarta a falo ta shiga wanka hankali kwance. To amma dan Allah kar ki sa shi a hirar kasuwanci, ni na sa wa duk sabuwar hira sati ɗaya ba tare da na yi tunani ba, wata ta karɓi atamfa turmi uku a kan za ta cika ragowar kuɗi ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo ta ce ai ba haka muka yi ba, na koma in nemo saƙon muryarta inda ta faɗi farashin da bakinta, wayam. Manhajar ta yi aikin da na sa ta ne, laifina ne, dubu huɗu ta tafi a haka. Yanzu duk ciniki a littafin bashi nake rubutawa kamar yadda Umma take yi tun muna yara.

Kuma kar gogewar nan ta ruɗe ki ki saki baki. Akwai wani saiti da ke hana ɗaukar sikirinshot, na kunna ina murna na zaci na ɗaure hannun kowa, ashe a wayata kaɗai yake aiki, wadda kike hira da ita tana iya ɗaukar nata ta ajiye. Hoton nan ma da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, to in tana da waya biyu fa, ko ta ari ta ƙanwarta ta ɗauki fuskar wayar? Duk tonon asirin da muke gani yana yawo, muryar wance ta fita, hirar wane da wance ta fita, ni dai a waɗanda na sani da idona ba wani gwanin kwamfuta ne ya fasa komai ba, wanda aka tura wa ne ya fitar, ko wanda ya ɗau wayar. Da ɗan gari akan ci gari. Manyan Amurka ma abin ya ci su, a watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron gwamnatin Trump suna tattauna harin da za su kai wa 'yan Houthi a Yemen a cikin guruf ɗin Signal, sai mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Mike Waltz ya jefa ɗan jarida a ciki bisa kuskure, Jeffrey Goldberg editan mujallar The Atlantic, yana zaune yana karanta komai har lokacin da jirage za su tashi. Ba wanda ya fasa Signal, su suka buɗe ƙofa suka shigo da shi. Da ƙanena ya ba ni labarin nan dariya na yi har da hawaye, na ce ashe ba admin ɗin guruf ɗin adashenmu kaɗai ke jefo baƙo ba.

Wani wurin da nake ganin ya kamata a ja kunne shi ne wajen mai gyaran waya. Signal yana da makulli, amma makullin wayarki ne yake amfani da shi, wato zanen nan ko lambar da kike buɗe waya ko yatsa. To in gilashin waya ya fashe kika kai gyara, abu na farko da za a ce miki shi ne Hajiya faɗa min fasawod in gwada tac, kina faɗa kin ba shi har Signal ɗin. Ni da tawa ta fashe tsayawa na yi a kansa rana na dukana kusan awa ɗaya da rabi, yana ta cewa Hajiya ki je ki dawo mana, na ce a'a ina nan, in ya zo gwaji ya miƙo min in buɗe da kaina. Ya ji haushi na gani a fuskarsa, ni ma ban ce shi ɓarawon hoto ba ne, amma ban san shi ba. Ki kuma shiga saitin sanarwa ki sa kar ya nuna suna ko abin da aka rubuta a saman waya, don me amfanin rufaffen saƙo in yana fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar waya tana kan caji a ɗakin kowa da kowa.

Akwai masu cewa ai WhatsApp ma a rufe yake, me ye na wahala. Gaskiya ne kuma, abin dariyar ma shi ne fasahar rufe saƙon ta Signal ce WhatsApp yake amfani da ita tun 2016, saboda haka abin da kika rubuta can ma a rufe yake tafiya. Bambancin yana wurin abin da ke kewaye da saƙon, da wa kike magana, yaushe, sau nawa, wace irin waya, lambobin da ke cikin wayarki, wannan shi kamfanin Meta mai WhatsApp yake iya sani, shi kuma kasuwancinsa talla ne. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, to ba mu kaɗai muke ƙorafi ba. Shi kuwa Signal gidauniya ce ba ta riba ba, an kafa ta a 2018, kuma wanda ya zuba dala miliyan 50 na farko Brian Acton ne, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp ɗin kansa, bayan Facebook, wato Meta na yanzu, ya saye shi a 2014 kan kusan dala biliyan 19 ya zauna 'yan shekaru ya fice. Mutum ya gina gida ya sayar ya koma gefe ya sa kuɗinsa a wani, ni dai wannan ya ishe ni ishara. Da gudummawa suke tafiya, lokaci-lokaci za ki ga ɗan saƙo suna neman taimako, kina iya share shi ba abin da zai ragu. Su da kansu sun ce tafiyar da abin na cin kusan dala miliyan 50 a shekara, wannan ne kaɗai ke ɗan sa ni tunani, abin da ke tsaye a kan sadaka ranar da masu bayarwa suka gaji fa.

Masu ce min ai ga Telegram, ku duba da kyau, hirar yau da kullum ta Telegram da guruf ɗinsa ba irin wannan rufewar ba ce, sai kin buɗe hirar sirri ta musamman tsakanin mutum biyu, kuma bayan an kama mai shi Pavel Durov a Faransa a watan Agustan 2024 sun fito sun ce za su iya ba hukuma lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma in an zo da takardar shari'a. Masu GB WhatsApp kuwa ku ban ma san ta inda zan fara ba, kin sauke abin da ba ki san wanda ya haɗa shi ba kin zuba masa duk rayuwarki don kawai ki ga saƙon da aka goge.

PIN ɗin Signal da farko ya dame ni, yana ta fitowa wai in sake rubutawa don kar in manta, na ce wannan wane irin naci ne. Sai da aka sace akawun ɗin WhatsApp na goggona na gane amfaninsa. Irin damfarar nan ce da ta zama ruwan dare, wani ya kira ta da sallama da ladabi har da ambaton sunan guruf ɗin su na masallaci, wai za a yi taro ta intanet an turo mata lamba shida ta karanto masa a sa sunanta, baiwar Allah ta karanto, kafin la'asar yana ta bin 'yan uwa da sunanta wai tana asibiti a taimaka da dubu ashirin, mutum biyu sun tura. A Signal in kika kunna makullin rajista, ko wani ya samu kod ɗin sai ya kawo PIN kafin ya buɗe akawun da lambarki, sai dai in kin yi kwana bakwai ba ki hau ba makullin yana sakin kansa, to mai barin waya a kashe ta kiyaye. Kuma ko ya shiga, tsofaffin saƙonni ba sa biyo shi don a wayarki suke ba a wurin kamfani ba. A 2022 an yi wa Twilio kutse, kamfanin da ke tura musu kod, abin ya shafi lambobin masu Signal kusan 1,900, shawarar da suka bayar a lokacin ita ce a kunna wannan makullin. WhatsApp ma yana da irinsa, tabbatarwa mai mataki biyu, ko ba za ki sauke Signal ba dan Allah je ki kunna wa iyayenki wannan yau.

Sai dai wannan zaman saƙo a waya kaɗai yana da nasa ciwon. In wayar ta faɗa rijiya ko aka fizge ta a adaidaita sahu kuma ba ki yi ajiya ba, hirar ta tafi ke nan, babu ofishin da za ki je ki yi kuka. A Android akwai ajiyar da ake yi a cikin waya da wasu lambobi 30 da za ki rubuta ki adana, daga baya a 2025 suka ƙaro wata ajiyar ta wurinsu mai dogon mabuɗi, ita ma in kin ɓatar da mabuɗin su kansu ba za su iya buɗe miki ba. Nawa lambobin suna bangon ƙarshe na littafin bashi, ƙanena ya gani ya kama kai wai Yaya wannan ai kamar ki kulle ƙofa ki rataye makulli a jiki ne, na ce to ka nemo min ɓarawon da zai zauna karanta littafin bashi.

Kira yana da kyau in netwok na da kyau, murya tas. Akwai saitin da ke bi da kira ta na'urorinsu don wanda kike magana da shi kar ya gano adireshin intanet ɗinki, yana ɗan rage kyan murya amma da baƙi gara a kunna. Da farko saƙo ba ya shigo min sai na buɗe manhajar, ashe wayata ce ke kashe shi don tattalin batir, sai da aka cire shi daga wannan jerin ya daidaita.

Babbar matsalar Signal dai a wurina ba ta fasaha ba ce, ba kowa a ciki. Lambobin da ke wayata sun kusa dubu, waɗanda na tarar a can ba su kai ashirin ba, rabinsu ma sun sauke ne lokacin hayaniyar nan ta Janairun 2021 da WhatsApp ya canza ƙa'idojinsa Elon Musk ya ce a koma Signal, suka shiga suka leƙa suka fita, in kin yi musu sallama sai bayan wata biyu. Kamar gidan biki bayan an watse, ga kujeru ga rumfa ba mutane. Na je in saka wa Umma ta ce "Ke ni ƙyale ni, wannan koren ma da ƙyar na iya danna maganar." Kwastoma kuwa in kika ce mata sai ta sauke wani abu kafin ku yi ciniki, ta tafi wurin wata, masu atamfa sun fi a ƙirga. Ga kuma data, ɗan bandul ɗin nan mai arha na WhatsApp kaɗai da yawancin matan unguwa ke saye ba ya buɗe Signal. Ga shi babu kayan 'yan kasuwa, babu wurin jera kaya da farashi, babu amsa mai zuwa da kanta in kina barci. Saboda haka ban bar WhatsApp ba kuma ban ga ranar bari ba, kasuwa tana can. In maki zan bayar, wajen rufe lamba da hira tara cikin goma, wajen sana'a huɗu ma na yi kara.

Sai abin da ba na jin masu haɗa manhajar sun taɓa tunaninsa, wato yadda ake kallon mace mai manhajar sirri a gidan aure. Maigida ya ga wani shuɗin abu a wayata mai neman yatsa kafin ya buɗu, saƙo na shigowa ba suna, ya yi shiru kwana biyu sannan ya ce "Wai me ake ɓoyewa ne a nan?" Ban ga laifinsa ba, ni ma da na gani a tasa sai na tambaya. Na ce Alhaji ba kai ake ɓoye wa ba, irin mai kiran ƙarfe ɗayan dare ake ɓoye wa, kawo wayarka. Na saka masa, na buɗe mana guruf mu uku da ƙanena, yanzu hoton katin NIN na yara da takardar asibiti da lambar asusu duk ta can muke turawa juna mu sa su goge bayan kwana ɗaya, shi da yake tsoron 'yan damfara fiye da ni har ya fi ni son abin, ya ja abokan kasuwancinsa biyu sun shiga. Amma na san gidaje da yawa da wannan maganar ba za ta ƙare da sauƙi haka ba, aminiyata ma a cikin wata folda ta tura nata can shafi na uku tsakanin kalkuleta da tocila.

Mutumin ƙarfe ɗayan dare kuwa lambata tana hannunsa har yanzu, abin da ya riga ya fita Signal ba ya dawo da shi. Na yi masa bulok ya sake kira da wani layin cikin azumi, wajen sahur wannan karon, wai yana taya ni barka da shan ruwan jiya. Na miƙa wa maigida wayar.